Sauya babbar manhajar kwamfutar gida: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kwamfuta a gida suka fi maimaitawa idan saƙo ya fara leƙowa a kusurwar allo yana cewa sabuwar manhaja ta fito, ko wa'adin tsohuwa ya cika. Yawancin amsoshin sun karkata ga Windows, domin ita ce a kan mafi yawan kwamfutocin gida, amma masu Mac da masu tunanin komawa Linux za su ga nasu can ƙasa.

Mece ce babbar manhaja, kuma me ake nufi da sauya ta?

Ita ce manhajar da ke tashi da zarar ka kunna kwamfuta, tun kafin ka buɗe komai. Ita ke raba wa sauran manhajoji aiki, ita ke magana da allo da madannai da firinta, kuma a hannunta fayilolinka da kalmomin sirrinka suke. Windows ta kamfanin Microsoft, macOS ta Apple, sai Linux, su ne ukun da aka fi sani.

Akwai abu biyu da mutane ke haɗawa alhali ba ɗaya ba ne. Na farko ƙananan gyare-gyaren da ke saukowa wata-wata don toshe kafofin tsaro. Microsoft na fitar da nasa ranar Talata ta biyu a kowane wata. Waɗannan ba a shawara a kansu, karɓa kawai ake yi. Na biyu shi ne babban sauyi, kamar tashi daga Windows 10 zuwa Windows 11, inda fuskar kwamfutar da wasu hanyoyin aikinta ke canzawa. Wannan ne ke son a zauna a yi tunani.

Ta yaya zan san wadda ke kan kwamfutata?

A Windows, danna maɓallin mai tambarin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver a ɗan akwatin da zai fito, ka danna Enter. Za ka ga sunan manhajar da lambar bugunta, misali 22H2, wanda shi ne bugun ƙarshe na Windows 10. A Mac kuwa, taɓa tambarin tuffa da ke kusurwar hagu ta sama, ka zaɓi About This Mac. Rubuta abin da ka gani a takarda, za ka buƙace shi a tambayoyin gaba.

Kwamfutata tana aiki lafiya lau. Me zai sa in taɓa ta?

Idan dalilin kawai shi ne sabuwar ta fi kyan gani, ko an ce ita ake yayi, bar kwamfutarka yadda take. Launi da sabon tsarin gumaka ba su kai a ce mutum ya ɓata yini guda yana neman inda aka mayar da abubuwan da ya saba da su ba.

Abin da ke tilasta sauyi shi ne wa'adi. Kowace babbar manhaja tana da ranar da kamfanin da ya yi ta zai daina aiko mata da gyaran tsaro. Na Windows XP ya cika ranar 8 ga Afrilu 2014, na Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, na Windows 8.1 ranar 10 ga Janairu 2023, sai Windows 10, wadda ta fito a Yulin 2015, nata ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Daga ranar, duk kafar da aka gano a buɗe za ta zauna. Kamar gida ne da mai gadinsa ya ajiye aiki: katanga na nan, ƙofa na nan, amma idan wani wuri ya zube ba mai zuwa ya toshe. Abin da ya ƙara dagula lamarin, sabuwar manhaja da tsohuwa sun yi tarayya a kan sassa da yawa na gininsu. Idan aka fitar da gyara ga Windows 11, masu kutse kan zauna su nazarci abin da aka gyara, su gane inda ramin yake, sannan su juya kan Windows 10 da ba ta samu gyaran ba.

Ba tsoratarwa ba ce. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe da dama, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da ayyuka a asibitocin Birtaniya. Kafar da ta bi, Microsoft ya riga ya fitar da gyaranta tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya faɗa wa su ne waɗanda ba su ɗora gyaran ba, da waɗanda manhajarsu ta tsufa har gyaran bai iso gare su ba.

Idan wa'adin ya cika, kwamfutar za ta daina aiki ke nan?

A'a. Washegari za ta tashi yadda ta saba, fayilolinka na nan, firinta na bugawa. Lalacewar a hankali take zuwa, shi ya sa mutane da yawa ke sakankancewa. Bayan gyaran tsaro ya tsaya, sai masu sauran manhajoji su fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya. Masu Windows 7 sun ga haka: burauzar Chrome ta tsaya musu a bugu na 109 a farkon 2023, ba ta ƙara motsawa ba. Idan burauza ta tsufa, wasu shafuka kan fara buɗewa a karkace, wasu kuma, musamman na banki, su ƙi buɗewa gaba ɗaya. Sabuwar firintar da ka saya ma tana iya zuwa ba tare da direban tsohuwar manhajarka ba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar.

Ina da manhajar kashe ƙwayar cuta. Ba ta wadatar ba?

Ba ta wadatar ba, ko da kuwa ta kuɗi ce. Aikinta kama mugun fayil idan ya shigo ko ya fara motsi. Ba ta iya gyara kuskuren da ke cikin ginin babbar manhajar, kuma ita kanta a kan wannan ginin take tsaye. Tana rage haɗari, amma ba ta maye gurbin gyaran da kamfani ya daina aikowa.

Kwamfutata za ta iya ɗaukar Windows 11?

A nan gizo ke saƙa, domin Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, ta zo da sharuɗɗan da suka bar kwamfutoci masu lafiya da yawa a waje. Tana son furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, mai bit 64, RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, aƙalla gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, tsarin tashi na UEFI mai iya Secure Boot, da kuma ɓangaren tsaro da ake kira TPM, bugu na 2.0. Waɗannan da sauƙi. Wanda ya fi kayar da mutane shi ne shekarun furosesa: a ɓangaren Intel sai zuriya ta 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017, a ɓangaren AMD kuma sai Ryzen 2000 zuwa sama. Idan sunan furosesarka ya yi kama da i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zuriyar, wato 8, ka tsallake. Idan i7-6700 ce, duk ƙarfinta, zuriya ta 6 ce, ba ta cikin jerin.

Ba sai ka bi su ɗaya-ɗaya ba. Microsoft na da ƙaramar manhaja mai suna PC Health Check. Sauke ta daga shafin kamfanin, za ta faɗa maka ko ka cika sharuɗɗan, da wanda ka faɗi idan ka faɗi. Sai dai gigabait 4 ɗin nan na RAM a takarda ne kawai. Manhajar za ta hau, amma da ka buɗe shafuka biyar ko shida a burauza za ka fara jin nauyinta. Ƙasa da 8 ba na ba da shawara.

An ce kwamfutata ba ta da TPM. Magana ta ƙare?

Sau da yawa ba ta ƙare ba. Kwamfutoci da dama suna da shi a cikin furosesa, amma an bar shi a kashe tun daga masana'anta, musamman kwamfutocin tebur da aka harhaɗa. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta tpm.msc. Idan yana kunne za ka ga lambar bugunsa a ƙasa. Idan aka ce ba a same shi ba, sake kunna kwamfutar ka shiga saitin BIOS, wato saitin da ke zuwa kafin babbar manhaja ta tashi, galibi da maɓallin F2 ko Del ko F10 tun kafin tambarin Windows ya bayyana. Nemi abin da aka rubuta PTT idan Intel ce, ko fTPM idan AMD ce, ka kunna, ka adana, ka fita. Kada ka taɓa wani saiti a wurin idan ba ka san aikinsa ba.

Na ji akwai dabarar ɗora Windows 11 a kan kwamfutar da ba ta cika sharuɗɗa ba. In bi?

Akwai, kuma tana aiki a kan kwamfutoci da yawa. Amma ka san abin da ka ɗauka. Microsoft ya faɗa a fili cewa irin wannan kwamfutar ba ta da tabbacin ci gaba da samun gyare-gyare. Babban bugun da ke fitowa shekara-shekara ba lallai ya zo maka da kansa ba, ma'ana duk shekara ko biyu sai ka sake dabarar da hannu. Kuma ƙofar na iya rufewa: bugun 24H2 na shekarar 2024 ya ƙi tashi ƙememe a kan tsofaffin furosesoshi irin su Core 2 Duo, ba dabarar da ke tsallake wannan.

Ga mai son ƙwaƙule-ƙwaƙule da ke da kwamfuta ta biyu, ba laifi ya gwada. Amma kwamfutar da ake ajiye takardun gida da hotunan iyali, ko wadda mai ita ba zai iya gyara ta ba idan ta tashi da baƙin allo, ban ga hikimar ɗora ta a kan wannan hanya ba. Duba amsar da ke magana kan zaɓin wanda kwamfutarsa ta gaza, akwai hanyoyin da suka fi kwanciyar hankali.

Sabuwar manhaja za ta ƙara wa kwamfutata sauri?

Kada ka sa rai. A kan kwamfuta ɗaya, bambancin saurin Windows 10 da 11 bai kai a yi magana ba. Masu cewa tasu ta yi sauri bayan sauyi, galibi goge komai suka yi, tarkacen shekaru ya tafi, shi ne suka ji sauƙi.

Idan nauyi ne ke damunka, fara duba faifan ajiya. Kwamfutar da har yanzu ke da tsohon faifai mai juyawa, wanda ake jin ƙararsa ƙir-ƙir idan tana tashi, ba manhajar da za ta sa ta gudu. Maye gurbinsa da SSD, faifan zamani marar juyawa, shi ne gyara guda da ya fi kowanne canza kwamfuta. Wadda ke ɗaukar minti biyu kafin ta buɗe sai ta koma daƙiƙa ashirin ko ƙasa da haka. Idan dama za ka sauya manhaja, haɗa aikin biyu rana ɗaya: ɗora sabuwar a kan sabon faifan, ka ajiye tsohon a gefe yadda yake, ya zama madogara idan wani abu ya kwaɓe.

Fayilolina da hotunana za su ɓace?

A ƙa'ida ba sa ɓacewa idan a kan tsohuwar ka ɗora sabuwar. Amma ƙa'ida daban, abin da ke faruwa daban. Wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki, faifan da dama ya fara gajiya na iya mutuwa saboda yawan rubutun da sauyin ke yi a kansa, kamfanin ma kan yi kuskure. A Oktoban 2018 sai da Microsoft ya janye wani babban bugu na Windows 10 kwanaki kaɗan da fitowarsa, bayan wasu sun tarar ya share musu takardu.

Saboda haka kwafi na farko, sauyi na biyu. Samo faifan waje ka kwashe foldojin takardu, hotuna, bidiyo, abin da ke kan fuskar allo, da foldar abubuwan da aka sauke, wadda kowa ke mantawa da ita alhali rabin muhimman takardu a can suke kwance. Idan burauzarka ce ke riƙe maka kalmomin sirri, tabbatar suna haɗe da asusunka ko ka fitar da su. Bayan ka gama, kada ka yarda da saƙon da ya ce an kwafa. Zare faifan, soka shi a wata kwamfutar, buɗe hoto ɗaya, takarda ɗaya, bidiyo ɗaya. Idan sun buɗe, to kana da kwafi. Sannan ka cire shi ka ajiye a aljihun tebur har a gama. Faifan da ke maƙale lokacin da ake goge-goge yana iya shiga cikin abin da aka goge. Masu Mac suna da Time Machine da ke yin wannan aikin gaba ɗaya.

Tsofaffin manhajojina da firintata za su yi aiki?

Daga Windows 10 zuwa 11, kusan duk abin da ke aiki a can yana aiki a nan. Matsala ta fi fitowa daga na'urorin da ke jingine da direba: tsohuwar firinta, sikana, na'urar ɗaukar sauti, da manhajojin lissafin kuɗi da aka saya tun shekaru goma da suka wuce, kamfaninsu ma wataƙila ya rufe. Ɗauki takarda ka rubuta abubuwan da idan babu su kwamfutar ba ta da amfani a wurinka. Galibi ba sa wuce biyar. Bi su ɗaya bayan ɗaya a shafin masu su ka ga ko sun ambaci sabuwar manhajar. Idan ɗaya daga ciki bai samu shiga ba, kuma da shi kake neman abinci, wannan dalili ne mai ƙarfi na dakatawa har ka samo madadinsa.

Wasu abubuwan kuma kamfanin ne da kansa ya cire. Babu Internet Explorer a Windows 11, an kuma cire WordPad daga bugun 24H2. Office 2016 da Office 2019 suna buɗewa, sai dai su ma wa'adinsu ya cika rana ɗaya da Windows 10.

Wanne ya fi: ɗorawa a kan tsohuwar, ko goge komai a fara daga farko?

Ɗorawa a kai ta fi sauƙi. Manhajojinka da saitinka suna nan, kuma kana da damar komawa baya, kamar yadda aka bayyana a amsar da ke tafe kan haka. Idan kwamfutar na lafiya, wannan hanyar za ka bi. Gogewa, wato abin da masu gyara ke kira fomat, ta dace da kwamfutar da ta cika da tallace-tallace masu faɗowa, ko wadda ake zargin cuta ta shige ta, ko wadda ka saya a hannu ba ka san me mai ita na farko ya bari a ciki ba. Za ka buƙaci filash mai gigabait 8 zuwa sama, kuma duk abin da ke cikinsa zai goge. Bayan haka sai ka sake ɗora kowace manhaja, don haka nemo lasisinsu tun kafin ka fara, ba bayan ka goge ba.

In sauya da zarar sabuwa ta fito, ko in jira?

Jira. Watannin farko na kowace sabuwar manhaja lokacin gano kurakurai ne, kuma ba wanda zai ba ka lada don ka zama cikin waɗanda aka gano su a kansu. Bari ta yi wata uku zuwa shida, masu firinta da katin hoto su fitar da direbobinsu. Idan Windows Update, sashen da ke sauko da gyare-gyare, bai miƙo maka sabon bugu ba alhali maƙwabcinka ya samu, wani lokaci da gangan ne: Microsoft kan riƙe bugu daga kwamfutocin da aka san wani ɓangarensu na rikici da shi. Kada ka tilasta.

Jiran yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce ranar wa'adi da aka yi bayani a sama. Windows 11 ta daɗe da wuce shekarun ƙuruciya, don haka mai Windows 10 da kwamfutarsa ta cika sharuɗɗa ba shi da sauran abin jira. Abin lura kawai, kada ka fara ana gobe za ka miƙa wani aiki ko yara na tsakiyar jarrabawa.

Idan na sauya ban ji daɗi ba, zan iya komawa?

Za ka iya, cikin kwana 10. Windows na ajiye tsohuwar manhajar a wata folda mai suna Windows.old, kuma a Settings, ƙarƙashin System sannan Recovery, akwai maɓallin komawa. Bayan kwana goman foldar na gogewa da kanta, maɓallin ya dushe. Mutane kan ga foldar ta cinye gigabait da yawa su share ta don samun wuri. Wanda ya yi haka ya rufe wa kansa hanya. Wanda ya yi fomat kuma dama ba shi da ita.

Kafin ka koma, ba ta mako guda. Yawancin ƙorafin kwanakin farko na rashin sabo ne. Maɓallin Start da ya koma tsakiya ana iya mayar da shi hagu a saitin sandar ƙasa cikin daƙiƙa kaɗan. Jerin da ke fitowa idan ka danna maɓallin dama na linzami an taƙaita shi, abin da ke ba mutane da yawa haushi, ni ma ban ga amfanin taƙaitawar ba, amma tsohon jerin na nan a ƙarƙashin zaɓin ƙarshe.

Sai na biya kuɗi?

Idan Windows 10 ɗinka mai lasisi ce, hawa 11 kyauta ne, Home ta koma Home, Pro ta koma Pro. Lasisin na manne da kwamfutar, ko ka goge ta zai dawo da kansa idan ta hau intanet. Masu Windows 7 da 8.1 kuwa damar kyauta ta wuce su, an rufe ta a 2023, kuma da wuya kwamfutar wancan zamani ta cika sharuɗɗan 11. A ɓangaren Apple sauyin kyauta ne tun 2013.

Guji kwafin da aka ce an fasa masa kulle ko an rage masa nauyi. Ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma mutumin da ya sauya manhaja don tsaro sannan ya ɗauko ta daga hannun wanda bai sani ba, bai yi komai ba. Daga shafin kamfanin kawai ake saukewa.

Kwamfutata ta gaza sharuɗɗan. Mene ne zaɓina?

Na farko, sayen lokaci. Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 bugun 22H2 shirin ƙarin gyaran tsaro mai suna ESU, wanda aka sanar a 2025 cewa ga masu amfani a gida zai kai ranar 13 ga Oktoba 2026. Ta Windows Update ake shiga, da asusun Microsoft. Gyaran tsaro kaɗai yake bayarwa, kuma shekara ɗaya ce ta shiri, ba mafita ba.

Na biyu, komawa Linux, wanda ke da amsarsa a ƙasa. Akwai kuma ChromeOS Flex ta Google, ga wanda duk aikinsa a burauza yake. Na uku, sauya kwamfutar, ba lallai da sabuwa fil ba. Ta hannu ma ta isa muddin furosesarta na cikin jerin da aka ambata, sai ka duba lambar kafin ka biya. Na huɗu, wanda ake rainawa alhali yana da kyau: cire ta daga intanet. Kwamfutar da aikinta buga takardu ne, ko sarrafa wata tsohuwar na'ura, za ta iya shekaru a haka. Kashe mata Wi-Fi, kula da filashin da ake soka mata, harkar banki da imel kuma a yi su a wata na'urar.

Linux fa? Mutum irina zai iya?

Idan aikinka burauza ne, kallon bidiyo, imel da rubuta takardu, za ka iya, kuma tsohuwar kwamfuta kan sami sabon numfashi da ita. Kyauta ce. Cikin ire-iren Linux, Linux Mint ta fi kama da Windows a fuska, shi ya sa ake yawan nuna wa sababbi ita. Ubuntu, wani nau'in Linux, na fitar da bugu mai dogon wa'adi duk shekara biyu a watan Afrilu, kamar 24.04, ana kuma kula da shi shekara biyar. Abin da ya fi daɗi, ana iya gwada ta daga filash ba tare da an taɓa faifan kwamfutar ba. Tashe ta daga filashin, ka ga ko Wi-Fi ya kama, sauti ya fito, firinta ta amsa. Idan ba ta yi maka ba, zare filashin, Windows ɗinka na nan.

Inda take gazawa ma a bayyane yake. Microsoft Office da Photoshop ba sa hawa kanta kai tsaye. LibreOffice, madadin Office na kyauta, na buɗe takardun Word da Excel, amma takarda mai tsari mai sarƙaƙiya kan ɗan goce, wanda ke musayar irin waɗannan da ofis kullum zai gaji. Wasu wasannin intanet ma ba sa yarda da ita. Sannan ka tambayi kanka wa za ka kira idan ta rikice, domin masu gyaran da suka san Windows sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Ni Mac gare ni. Lissafin ɗaya ne?

Kusan ɗaya, sai dai Apple na fitar da sabon bugu duk shekara, kuma bisa al'ada bugu uku na baya-bayan nan ne ke samun gyaran tsaro. Ke nan za ka iya zama baya da bugu ɗaya ko biyu hankali kwance, amma ba uku ba. Abu biyu za ka kiyaye. Tun daga macOS Catalina ta 2019 manhajoji masu bit 32 sun daina buɗewa, don haka mai tsohuwar Mac ya duba nasa kafin ya tsallaka. Sannan Apple ya fara barin furosesar Intel a 2020 da fitowar tasa furosesar mai suna M1, ya kuma sanar cewa macOS Tahoe ta 2025 ita ce ta ƙarshe ga masu Intel. Komawa baya a Mac ya fi wuya, babu maɓallin kwana 10, sai gogewa da dawowa daga kwafin Time Machine da aka yi kafin sauyin.

Na yanke shawara. Me zan tanada ranar aikin?

Kwafin da ka gwada, kamar yadda aka bayyana a amsar fayiloli. Wuta tsayayya: laftof a jone da caja, ta tebur kuma a lokacin da ka fi amincewa wutar ba za ta yanke ba. Intanet mai ɗaukar saukewar gigabait da dama. Cire duk abin da ke soke in ban da madannai da linzami. Windows 11 Home na neman asusun Microsoft yayin saiti na farko, don haka tabbatar ka tuna kalmar sirrinsa, kuma lambar waya ko imel ɗin da ke haɗe da shi na hannunka. Kwamfutar za ta mutu ta tashi sau da yawa, lambar da ke kan allo kuma na iya tsayawa wuri ɗaya tsawon lokaci kamar ta maƙale. Kada ka danne maɓallin kashewa. Kan tsohon faifai aikin na iya cin sa'o'i.

Bayan ta hau, koma Windows Update ka bar ta ta kwashi direbobi, sannan ka gwada abubuwa biyar ɗin nan da ka rubuta tun kwana goman ba su ƙare ba. Duba kuma ko an kulle faifanka da BitLocker, domin sababbin bugun Windows 11 kan kunna kullen da kansu idan an yi sabon saiti da asusun Microsoft. Kullen na kare fayilolinka idan an sace kwamfutar, amma wata rana bayan gyara ko canjin saitin BIOS tana iya tashi da shuɗin allo tana neman mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin na cikin asusunka na Microsoft. Shiga yanzu ka kwafe shi a takarda, ka ajiye wani wuri da ba cikin kwamfutar ba.